Dodannin Teku a Takardar Araha: Daga Kraken zuwa Meg

Tun kafin a san buga littafi matuƙan jiragen ruwa suke komawa gida da labarin dodo. A ƙasar Norwe, wajen shekarar 1250, wani littafin nasiha da aka rubuta cikin siffar hirar uba da ɗansa, mai suna Madubin Sarki, ya ambaci wata halitta da ake kira hafgufa. An ce in ta taso saman ruwa sai a ɗauka tsibiri ne, an ce takan wangame baki ta yi gyatsa, kifaye su taru su shige, ta rufe. An kuma ce guda biyu ne kacal a duniya. Larabawa ma suna da irin wannan, domin a tafiyar Sindibad ta farko fatake sun sauka a kan abin da suka zata tsibiri ne, suka hura wuta, sai ƙasa ta motsa, ashe bayan kifi ne. Duk wannan almara ce, babu wanda ya taɓa kawo ko da ɓawon fatar ɗaya daga cikinsu.

A 1539 wani malamin coci ɗan Suwidin, Olaus Magnus, ya buga taswirar tekunan arewa, ya cika ta da hotunan macizai masu naɗe jirgi da kifaye masu ƙaho. Amma wanda ya fito da sunan kraken duniya ta san shi shi ne Erik Pontoppidan, bishop na birnin Bergen, a littafinsa kan halittun Norwe da ya fito a 1752 da 1753. Pontoppidan ya zauna da masunta ya rubuta abin da suka gaya masa: wai faɗin bayan kraken ya kai mil ɗaya da rabi a kewaye, wai in suka ga zurfin ruwa ya ragu ba dalili kuma kifi ya yi yawa, sun san yana ƙarƙashinsu, sai su yi kamu da sauri su gudu kafin ya taso. Babban haɗarin, in ji su, shi ne lokacin da zai koma ƙasa, don ruwan da zai juya yana iya haɗiye jirgi.

Bafaranshe Pierre Denys de Montfort ya ɗauki maganar ya kai ta inda ta fi ƙarfinsa. A 1802 ya saka a littafinsa hoton wata ƙatuwar dabba mai hannuwa takwas, wadda ake kira oktofus, ta rungume jirgi mai sanduna uku a gaɓar Angola, ya ce daga wani zane ya kwafo shi da matuƙa suka rataya a wata majami'a ta Saint-Malo don godiyar tsira. Daga baya ya yi iƙirarin cewa irin waɗannan dabbobi ne suka nutsar da jiragen yaƙi 10 a 1782. Turawan Ingila kuwa sun san guguwa ce ta yi wannan ɓarna. Mutuncinsa ya zube a wurin masana, ya mutu cikin talauci a Faris wajen 1820. Hoton nasa dai bai mutu ba, shi ne kakan duk wani bangon littafin dodon teku da aka zana daga baya.

1820 zuwa 1873: Teku ta fara ba da shaida

Ranar 20 ga Nuwamba 1820, a tsakiyar tekun Fasifik, wani gansamemen kifin wel ya kai wa jirgin farauta Essex karo sau biyu har ya fasa shi. Wannan kam ba "an ce" ba ne. Mutum 20 ne a jirgin, suka shiga ƙananan kwale-kwale uku, 8 kawai suka rayu, wasunsu bayan yunwa ta sa sun ci naman 'yan'uwansu da suka mutu. Mataimakin kyaftin, Owen Chase, ya buga labarin a 1821. Herman Melville, wanda shi ma ya yi aikin farautar wel, ya karanta shi, ya gina Moby-Dick a kai a 1851. Littafin bai sayu ba a zamaninsa, kwafin da aka sayar har Melville ya mutu bai kai 4,000 ba. Amma ya kafa ginshiƙin da marubutan kasuwa za su yi ta jingina da shi har yau: dabba ɗaya tilo, mai kamar tana da niyya, da mutum ɗaya da farautarta ta zame masa ciwo.

Ta ɓangaren kraken ma abubuwa sun motsa. A 1857 masanin dabbobi ɗan Denmak, Japetus Steenstrup, ya duba wani ƙaton baki mai kama da na aku da wasu guntayen nama, ya tabbatar akwai ƙatuwar sikwid, wato 'yar'uwar oktofus mai hannuwa goma, ya ba ta suna Architeuthis. A Nuwamba 1861 jirgin yaƙin Faransa mai suna Alecton ya gamu da guda kusa da tsibirin Tenerife. Suka yi ta harbinta, suka caka mata zago, suka zarga mata igiya, da suka ja sai jikin ya tsinke, wutsiya kaɗai ta rage musu. Rahoton ya isa Cibiyar Kimiyya ta Faransa, jaridu suka ɗauka.

Marubuta biyu suka ci moriyar wannan. A 1866 Victor Hugo ya sa masunci Gilliatt ya yi kokawa da oktofus a cikin wani kogon ruwa kusa da tsibirin Guernsey, inda ya daɗe yana siffanta yadda ƙananan bakunan da ke jikin hannuwanta ke manne wa fatar mutum suna tsotsa. A 1870 kuma Jules Verne ya sa garken sikwid ya far wa jirgin ƙarƙashin ruwa Nautilus, ma'aikata suka fito da gatura, dabbar ta sure ɗaya daga cikinsu ta tafi da shi, Kyaftin Nemo ya tsaya yana hawaye. Verne ya ambaci abin da ya faru da Alecton a cikin littafin don mai karatu ya gaskata. Wannan dabara ta jingina ƙage da rahoton gaskiya ta zama gadon gidan.

Sai a 1873 aka riƙe abin a hannu. Masunta a Newfoundland, wadda yanzu take cikin Kanada, suka sare hannun wata sikwid da ta kama kwale-kwalensu, suka kai wa wani limamin coci, Moses Harvey, tsawonsa ƙafa 19. Bayan 'yan makonni aka kamo cikakkiya a raga, Harvey ya rataye ta bisa bahon wankansa aka ɗauki hoto. Babba ce ƙwarai, amma ba tsibiri ba ce, kuma ba za ta iya jan jirgi ƙasa ba. Daga nan wata al'ada ta faro wadda za ta bi wannan adabi har ƙarshe: duk sa'ad da masana suka jawo dodo fili suka auna shi, marubuta sai su tura nasu can ƙasa inda ma'auni bai kai ba.

1896 zuwa 1918: Takarda ta yi araha

Almara da manyan littattafai sun ba da kayan aiki, amma kasuwa ce ta haifi nau'in labarin da muke magana a kai. A 1896 wani mai buga mujallu a Niyok, Frank Munsey, ya mayar da mujallarsa Argosy zallar ƙagaggun labarai, ya buga ta a kan takarda mai kaushi da ake yi da niƙaƙƙen katako, wadda ke yin ja ta ruɓe cikin 'yan shekaru, ya sa mata kuɗi sent 10. Leburori da yara 'yan makaranta da masu jiran jirgin ƙasa suka yi rububinta. Wasu suka biyo sahu. Ana biyan marubuci ne bisa yawan kalmomi, sau da yawa sent ɗaya kowace kalma ko ƙasa da haka, don haka mai son cin abinci sai ya yi sauri, kuma dole shafin farko ya kama mai karatu. Wanda ya san littattafan kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990, da yadda malamai ke raina su matasa na wawasonsu, ya san irin matsayin da waɗannan mujallu suka samu a Amurka da Ingila.

A wannan shekarar ta 1896 H. G. Wells ya buga gajeren labari, The Sea Raiders, ya kawo wani sabon abu. A da sai ka shiga teku kake gamuwa da dodo. Wells ya kawo dodon bakin gaɓa, garin Sidmouth na kudancin Ingila, inda wani tsohon ɗan kasuwar shayi ya tarar da wasu halittu masu hannuwa suna cin gawar mutum tsakanin duwatsu, daga baya suka kifar da kwale-kwalen masu yawon shaƙatawa. Ya rubuta shi da muryar rahoton jarida, bai kuma kashe dabbobin a ƙarshe ba, sun dai koma inda suka fito.

Amma gwanin wannan zamani, a ganina gwanin fagen gaba ɗaya, shi ne William Hope Hodgson. An haife shi a 1877, ya shiga aikin jirgin ruwa yana ɗan saurayi, ya sha duka da wulaƙanci a hannun manyan ma'aikata har ya koma ɗaga ƙarfe don ya kare kansa. Ya taɓa samun lambar yabo saboda ya faɗa ruwa ya ceto abokin aikinsa a gaɓar Niyu Zilan. Da ya bar teku ya bar ta da ƙiyayya, kuma wannan ƙiyayya ce ta ba rubutunsa nauyi. A labarinsa A Tropical Horror na 1905, wata halitta mai kama da maciji ta hau jirgi ta zauna, tana ɗaukar ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, mai ba da labarin yana kulle a wani ƙaramin ɗaki, ƙishirwa na cinsa, abin da yake samu sai ƙarar jan jiki a kan katako da wari da ihun abokansa. A From the Tideless Sea na 1906 ya kai mu tekun Sargaso, wani yanki na Atlantika da ciyawar ruwa ke taruwa. An daɗe ana cewa ciyawar tana riƙe jirage har abada, abin da ba haka yake ba, amma Hodgson ya karɓi almarar ya yi gini a kanta: jirgi ya maƙale, mutanen da suka rage sun kewaye samansa da katanga ta katako da tamfol don kada hannuwan oktofus su zaro su, suna rubuta wasiƙa suna sakawa a ganga suna fatan wani zai tsinta. Littafinsa The Boats of the Glen Carrig ya biyo baya a 1907.

Hodgson ya san nauyin igiya da yadda ake raba ruwan sha in ya yi ƙaranci, ya san abin da mai gadin dare yake ji in ya ji motsi a gefen jirgi. Shi ya sa dodonsa ke tsorata mutum tun kafin a gan shi. Bai ci ribar basirarsa ba. Ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsashin igwa ya kashe shi kusa da Ypres a Beljiyam cikin Afrilu 1918, yana da shekara 40.

Ana cikin wannan yaƙi wani abu ya faru a Amurka da sai bayan kusan shekara 60 za a ga irinsa a adabi. Tun 1891 wani attajiri, Hermann Oelrichs, ya sa dala 500 ga duk wanda ya kawo hujjar cewa kifin shak ya taɓa kai wa mutum mai rai hari a ruwan gabashin Amurka mai sanyi, ba wanda ya karɓa, masana da yawa suka tsaya a kan cewa ba ya yi. Sai ga Yuli 1916, ana tsananin zafi, jama'a sun cika gaɓar jihar New Jersey. Tsakanin 1 da 12 ga wata shak ya kashe mutum 4 ya raunata 1, biyu daga cikin mamatan a wani rafi na garin Matawan mai nisa da buɗaɗɗiyar teku. Otal-otal suka yi asara, aka bazama kashe shak da bindiga da nakiya.

1923 zuwa 1955: Daga Cthulhu zuwa bam

A Maris 1923 aka fara buga Weird Tales a Chicago, mujallar da ta keɓe kanta ga labaran ban tsoro, kuma bangon fitowarta ta farko ma hoton wata halitta ce mai hannuwa ta naɗe mace. A cikinta H. P. Lovecraft, mutumin Providence, wanda ya yaba wa Hodgson ƙwarai da ya karanta shi, ya sauya wa dodon teku matsayi. Ya rubuta The Call of Cthulhu a 1926, editan ya fara ƙin karɓa, sannan aka buga shi a Fabrairu 1928. Cthulhu yana da kai irin na oktofus, yana barci a wani birni da ya nutse a kudancin Fasifik, kuma girmansa ya wuce a yi maganar farauta. Matuƙin da ya gan shi ya tuƙa jirgi ya fasa masa kai, kan ya sake haɗuwa, mutumin ya tsira da rai amma bai sake zama daidai ba. Tsoron da Lovecraft ke sayarwa shi ne ɗan Adam ya gane shi ba komai ba ne a idon abin da ke can ƙasa.

Dole kuma a faɗi cewa Lovecraft mai ƙyamar baƙar fata ne da baƙi, kuma ƙyamar tana cikin labaran nasa tsamo-tsamo. Masu bauta wa dodonsa kusan kullum matuƙa ne baƙaƙe ko masu ruwa biyu, sannan The Shadow over Innsmouth, da ya rubuta a 1931 kan garin da mutanensa suka yi auratayya da halittun ruwa, tsoron gaurayar jini ne aka sa wa ƙayar kifi. Ƙwarewarsa ba ta wanke wannan ba. Ya mutu matalauci a 1937.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarancin takarda, ƙananan littattafai masu bangon takarda da kamfanin Pocket Books ya fara sayarwa sent 25 a 1939 suka janye masu saye, talabijin ta ƙarasa sauran. Weird Tales ta tsaya a 1954. Dodon bai tsaya ba, ya sami sabon uba, wato bam ɗin nukiliya. Amurka ta fara gwaji a tsibiran Bikini a 1946. A 1951 Ray Bradbury ya buga ɗan labari mai ban tausayi game da wata tsohuwar dabba da ke tasowa daga ƙasan teku don ta amsa kukan ƙahon hasumiyar jirage, tana zaton ɗan'uwanta ne. Fim ɗin da aka yi daga labarin a 1953 ya ajiye tausayin, ya ce gwajin bam ne ya tashe ta. A shekarar ce kuma John Wyndham ya fitar da The Kraken Wakes a Ingila, inda wasu halittu da ba a taɓa gani ido da ido ba suka mamaye zurfin teku suka narkar da ƙanƙarar duniya har ruwa ya ci Landan.

Ranar 1 ga Maris 1954 ƙurar wani gwaji a Bikini ta zubo wa jirgin masuntan Jafan mai suna Daigo Fukuryu Maru, mai mutum 23. Duk suka kamu da ciwo, mai kula da rediyon jirgin ya rasu a Satumba. A Nuwamba fim ɗin dodon teku Gojira na Ishiro Honda ya fito, ya buɗe da jirgin ruwa da wani haske ya ƙone. Ga mutanen Jafan wannan makoki ne. A Hollywood kuwa sana'a ce ta gaggawa: oktofus ɗin da ya rusa gadar San Francisco a fim ɗin It Came from Beneath the Sea na 1955 hannuwa shida maƙerinsa Ray Harryhausen ya yi masa, don kuɗin motsa takwas bai samu ba.

1974 zuwa 1990: Shak, sannan ƙaguwa

A 1964 wani masunci, Frank Mundus, ya kamo farin shak mai nauyin kusan laba 4,500 a gaɓar Montauk a jihar Niyok. Wani matashin ɗan jarida, Peter Benchley, ya karanta labarin ya riƙe shi a rai: me zai faru in irin wannan ya zo gaɓar wani garin shaƙatawa ya ƙi tafiya? Amsar ita ce Jaws, wanda kamfanin Doubleday ya buga a Fabrairu 1974. Ya yi mako 44 a jerin littattafan da suka fi sayuwa, kamfanin Bantam ya sayi haƙƙin buga ƙaramin kwafi a kan dala 575,000, aka yi masa bangon da kowa ya sani, mace na iyo a sama, baki cike da haƙora na tasowa daga ƙasa.

Abin da ya sa littafin ya kama mutane bai tsaya ga haƙora ba. Garin Amity yana cin abincin shekara ne daga baƙin da ke zuwa wanka da bazara. Shugaban 'yan sanda Martin Brody yana so ya rufe gaɓa, magajin gari, wanda 'yan daba ke bi bashi, ya hana, aka ɓoye mutuwar farko, sai yaro ya biyo baya. Amurka na cikin badaƙalar Watergate a lokacin, labarin shugabanni masu ɓoye gaskiya don kare aljihu ya zo daidai. Ƙarshen littafin kuwa na Melville ne, domin igiya ce ta naɗe ƙafar mafarauci Quint, kifin ya ja shi ƙasa. Fim ɗin Steven Spielberg ya fito ranar 20 ga Yuni 1975, ya tara fiye da dala miliyan 400 a duniya. Shak ɗin roba da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole Spielberg ya ɓoye shi a yawancin fim ɗin, sai ya faɗa kan hanyar Hodgson ba da niyya ba. Fim ɗin ne kuma ya ƙara labarin jirgin yaƙi Indianapolis, wanda aka nutsar a ƙarshen Yuli 1945, kusan mutum 900 suka faɗa ruwa, 316 suka rayu bayan kwanaki na ƙishirwa da harin shak. Wannan babu shi a littafin, amma ya faru.

Daga nan ƙofa ta ɓalle. A Ingila kamfanin New English Library ya riga ya ga yadda The Rats na James Herbert, labarin ɓeraye masu cin mutane a Landan, ya sayu a 1974. Sai ga wani tsohon ma'aikacin banki, Guy N. Smith, da Night of the Crabs a 1976, bazarar da Birtaniya ta yi fama da zafi da fari, kowa ya nufi bakin ruwa. Smith ya ɗauki wuraren da iyalai ke zuwa hutu da gaske a gaɓar Wales, Barmouth da Shell Island, ya cika su da ƙaguwoyi masu girman shanu. Farfesa Cliff Davenport ya zo neman ɗan ɗan'uwansa da budurwarsa da suka ɓace wajen iyo, ya ga sawu a yashi, ya kwana yana gadi har ya ga rundunar ta fito cikin farin wata, ƙarar ƙafafunsu na tashi a kan duwatsu. Harsashi bai huda ɓawonsu ba, tankar soja ma sun kifar da ita, sai da maganin kashe ciyawa aka samu kansu. Littafin bai kai shafi 200 ba, mutum zai karanta shi a yini ɗaya yana kwance a gaɓar da ake ba da labarinta, kuma a nan ƙarfinsa yake.

Smith ya ci gaba: Killer Crabs a 1978 ya kai su Ostireliya, Origin of the Crabs a 1979 ya koma Sikotlan, sannan Crabs on the Rampage a 1981, Crabs' Moon a 1984, da wani a 1988. Wasu marubuta suka bi sauran halittun ruwa ɗaya-ɗaya, John Halkin ma ya yi Slime a 1984 kan halittun nan masu jiki kamar kitse da ke harbi da dafi. Tsarin ya zama ɗaya: a gabatar da mutum a shafi uku, a kashe shi a na huɗu, hukuma ta musanta, masani ya yi gargaɗi a ƙi ji, soja su gaza, a bar ƙwai ɗaya a ƙarshe don littafi na gaba. Yawancinsu rubutun gaggawa ne, jini da batsa sun fi basira yawa, kuma matan cikinsu an kawo su ne kawai don a cinye. Duk da haka ina ganin Smith ya cancanci a tuna da shi, don ya san masu karatunsa, ya kuma ba su tsoro a wurin da suka sani da ƙafarsu. Ya rasu a Disamba 2020. Kasuwar kanta ta riga shi, ta cika ta batse da kwaikwayo har ta durƙushe a farkon shekarun 1990.

1991 zuwa yau

Benchley ya koma kan kraken a 1991 da Beast, inda ƙatuwar sikwid ta addabi Bermuda saboda kamun kifi ya wuce kima har abincinta ya ƙare. Amma wanda ya sake buɗe kasuwa shi ne Steve Alten da Meg a 1997. Megalodon shak ne na gaske, ana tsintar haƙoransa da tsawonsu kan kai santimita 18, kuma masana sun ce ya ƙare kimanin shekara miliyan 3.6 da suka wuce. Alten ya bi tsohuwar dabara, ya jingina da abubuwan da aka tabbatar: kifin silakant da aka ɗauka ya ƙare tuntuni sai ga shi a ragar masunta a Afirka ta Kudu a 1938, da maɓuɓɓugan ruwan zafi da aka gano a ƙasan teku kusa da Galapagos a 1977. Ya ce a Ramin Mariana, mai zurfin kusan mita 11,000, akwai ruwan ɗumi a ƙarƙashin na sanyi, a nan megalodon ya ɓuya. Babu wata hujja a kan haka, kuma abincin da zai riƙe dabba irin wannan babu shi a can. Fim ɗin Meg na 2018 ya tara fiye da dala miliyan 500, na biyu ya fito a 2023.

Inda abin ya ɓaci shi ne 2013, sa'ad da tashar Discovery ta nuna wani shiri da aka tsara kamar binciken gaskiya, da 'yan wasa a matsayin masana, wai megalodon na raye. Mutane da yawa sun gaskata. Pontoppidan ya rubuta abin da masunta suka gaya masa ne da zuciya ɗaya, Verne kuma bai ɓoye cewa ƙage yake yi ba. Wannan shiri yaudara ce.

A daidai wannan zamani aka ga kraken na gaskiya a gidansa. A Satumba 2004 masana Tsunemi Kubodera da Kyoichi Mori suka ɗauki hotunan ƙatuwar sikwid mai rai a zurfin kusan mita 900 kusa da tsibiran Ogasawara na Jafan, a 2012 kuma aka samu bidiyonta, da taimakon wata fitila da Edith Widder ta ƙera mai kwaikwayon hasken halittun zurfi. Mafi tsawonta bai wuce mita 12 zuwa 13 ba, kuma ita ce abincin kifin wel.

Shak ne ya biya kuɗin wannan adabi. Bayan 1975 gasar kamun shak ta yawaita a gabashin Amurka, kuma sunan da Jaws ya ɓata masa ya sa an daɗe ba mai tausayinsa, ko da yake babbar ɓarnar daga manyan jiragen kamun kifi da cinikin fiffikensa take. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta mutane na kashe shak kusan miliyan 100 a shekara, alhali waɗanda shak ke kashewa a duniya a yawancin shekaru ba su wuce mutum 10 ba. Benchley ya ƙarasa rayuwarsa yana fafutukar kare su har ya rasu a 2006, Spielberg ma ya bayyana nadamarsa a wata hira da BBC a 2022.

Sana'ar dai tana nan. Takardar araha ta koma littafin waya da kwamfuta, ƙananan kamfanoni na fitar da labaran megalodon da kraken ba ƙaƙƙautawa, kuma tun da Grady Hendrix ya buga Paperbacks from Hell a 2017 tsofaffin littattafan 1970 da 1980 suka sake daraja a wurin masu tarawa. Mai karatun da ke son shiga wannan fage, shawarata ya fara da Hodgson da Wells. Labaransu sun fita daga haƙƙin mallaka, ana samun su kyauta a intanet, kuma har yau ba a yi wanda ya fi su ba.